Daga Hakodate Zuwa Beppu: Inda Baƙo Zai Ci Ya Ƙoshi A Japan

A cikin babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Tokyo akwai wani shago mai suna Ekibenya Matsuri, wanda ake buɗewa tun da asuba, kuma ba ya rabo da cinkoso har dare. Abinci kaɗai ake sayarwa a ciki, dafaffe, an ƙunshe shi a 'yan akwatuna domin matafiya su ci a jirgi. Nau'insa ya haura ɗari, kusan kowane akwati da garin da ya fito. Ga na Toyama, zagayayyen akwatin katako da aka danne shinkafa da jan kifi a ciki, aka naɗe da ganyen gora. Ga na Mori, wata ƙaramar tasha a tsibirin Hokkaido, inda tun 1941 ake ɗura shinkafa a cikin ika, wata halittar teku mai hannuwa da yawa, a dafa su tare. Ga na Sendai, gasasshen harshen sa a kan shinkafa, da wani zare a gefen akwatin wanda in ka ja shi sai tururi ya taso, abincin ya yi zafi a kan cinyarka. Wannan guzurin tasha shi suke kira ekiben.

Wanda ya ɗan tsaya a shagon nan zai gane cewa sushin da ake nuna mana a talabijin ɗan yanki ne kawai na abin da mutanen Japan suke ci. Ƙasar doguwa ce, kimanin kilomita 3,000 daga Hokkaido mai dusar ƙanƙara zuwa Okinawa mai zafi, kuma duwatsu sun cinye fiye da kashi biyu cikin uku nata. Daga 1603 zuwa 1868 tana rarrabe ne cikin masarautu sama da 200, kowacce tana ci daga gonarta da gaɓar tekunta. Yau larduna 47 ne, amma kowane gari yana riƙe da tukunyarsa, yana kuma alfahari da ita.

Mutanenmu suna zuwa Japan: ɗalibai, masu sayo motoci da kayan gyara, da jami'an gwamnati masu halartar taron TICAD na Japan da Afirka, wanda aka yi na tara a Yokohama a watan Agustan 2025. Da yawansu suna gama zamansu tsakanin shagon Indiyawa, rumfar kebab ta Turkawa, da burodi da shayi a ɗakin otal. Ba na ganin laifinsu. Musulmin da bai iya karanta rubutun ƙasa ba, kuma ya ji labarin yadda ake cin alade a can, dole ya yi kaffa-kaffa. Sai dai asara ce babba mutum ya sha wannan doguwar tafiya ya dawo bai ɗanɗana girkin masu gida ba, alhali akwai hanya.

Tsohon girki da sabon girki

Hanyar tana cikin tarihin ƙasar. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu, dawakai, kaji da wasu dabbobi, bisa tasirin addinin Buddha, sarakunan baya kuma suka riƙa sabunta irin wannan hani. Sai a 1872, wajen shekara 1,200 bayan haka, Sarki Meiji ya ci naman sa a bayyane. A tsawon wannan zamani girkin Japan ya ginu ne a kan shinkafa, kifi, ganye da waken suya. Abincin da alade ya mamaye, irin su taliyar ramen, soyayyen naman tonkatsu da gyoza, duk daga baya suka shigo. Saboda haka duk sa'ad da girki ya fi tsufa, ya fi nesa da alade. Banda Okinawa, wadda masarauta ce ta daban har 1879, inda alade ya daɗe a tukunya. A can sai an ninka lura.

Ginshiƙin tsohon girkin wani romo ne da ake kira dashi, wanda ake yi da busasshen ganyen teku mai suna kombu da busasshen kifin katsuo da aka kankare siriri. Daga wannan ganyen ne wani malamin kimiyya a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya ciro sinadarin ɗanɗano a 1908, shekara guda bayan nan aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Farin magin da ke kasuwanninmu jikan wannan romo ne.

Mu mabiya mazhabar Malikiyya muna da sauƙi guda: duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ƙaguwa ce, jatan lande ne, ko mai hannuwa takwas. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan haɗi. Ana zuba sake, wato giyar shinkafa, a girki, ana kuma zuba mirin, wani ruwa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa kimanin kashi 14 cikin ɗari. Kusan duk miyar da ka gani mai duhu, mai sheƙi, mai zaƙi-zaƙi, akwai ɗayansu a ciki. Wannan ita ce tambayar da za ta riƙa binka daga gari zuwa gari, fiye ma da ta alade.

Tokyo, inda kowa ya kawo hajarsa

Tsohuwar kasuwar kifi ta Tsukiji ta koma Toyosu a watan Oktoban 2018, amma lungunan da ke wajenta suna nan, cike da rumfunan kifi, soyayyen ƙwai da busassun kaya. Da safe ake zuwa, domin da rana ta karkata an fara tattara kaya. A nan birnin ne aka ƙirƙiro sushin da duniya ta sani, a wajen shekarun 1820, kuma abincin 'yan aiki ne na bakin titi kafin ya zama na masu kuɗi. Wanda zuciyarsa ba ta karɓar ɗanyen kifi kada ya tilasta wa kansa. Ya nemi shioyaki, kifin da aka barbaɗa wa gishiri kawai aka gasa, ya haɗa da farar shinkafa. Babu abincin da ya fi wannan kwanciyar hankali ga Musulmi a duk faɗin ƙasar, kuma yana da daɗi ƙwarai. Akwai kuma tempura, jatan lande ko ganye da aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya. A ci da gishiri maimakon miyar da ake kawowa tare. Masu tempura na Tokyo sun fi son soyawa da man riɗi, kuma kusan duk riɗin da ake ci a Japan daga waje ake shigo da shi, Najeriya na cikin manyan masu sayar mata.

Wurare biyu ne baƙi suka cika tsallakewa. Na farko, ƙarƙashin manyan kantuna irin su Isetan a Shinjuku da Mitsukoshi a Nihonbashi, inda bene guda sukutum ya zama kasuwar abinci. Komai a fili yake, kana gani kafin ka saya, kuma in an kusa rufewa da dare ana karya farashi. Na biyu, shagunan da lardunan ƙasar suka buɗe a unguwannin Ginza da Yurakucho domin tallar kayan garinsu. Wanda aikinsa bai ba shi damar barin Tokyo ba zai iya ɗanɗana cukun Hokkaido da baƙin sukarin Okinawa a yammaci guda.

Mai neman nama ya nufi Asakusa, inda ake samun shagunan ramen na romon kaza masu takardar shaidar halal, ko Shin-Okubo, inda akwai lungun shagunan Musulmi masu sayar da nama da kayan yaji. Ranar Juma'a kuma akwai masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a 2000 bisa tsarin ginin Turkiyya.

Kafin ka bar otal da safe, duba teburin karin kumallo. Za ka ga wani ɗan kwano na waken suya mai yauƙi da ƙarfin wari, wanda Turawa da yawa ke gudu. Natto ke nan, garin Mito ya yi suna a kansa. Bahaushe na kai shi hanci zai ji ƙanshin daddawa, kuma ba kuskure hancinsa ya yi ba: ƙwayar halitta iri ɗaya ce take tsima su duka biyun. Wani marubucin Japan, Hideyuki Takano, ya zo har Kano yana bin diddigin daddawa saboda wannan dangantaka, ya fitar da littafi a kai a 2020.

Osaka, Kyoto da Kobe

Jirgin Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964, yana kai ka Osaka cikin kimanin awa biyu da rabi. Da ka sauka ɗanɗano ya canza. Romon nan ya fi na Tokyo haske da laushi, domin a zamanin da jiragen ruwan fatake suna kwaso kombu daga Hokkaido su sauke a Osaka, masu girki suka saba da shi.

A Dotonbori da dare, tsaya gaban mai takoyaki ka sha kallo. Yana zuba ƙullu a tandar ƙarfe mai ramuka, ya jefa gutsuren tako, mai hannuwa takwas ɗin nan, a kowane rami, ya watsa citta da lawashi. Sai ya ɗauki tsinke a kowane hannu yana juya su ɗaya bayan ɗaya da saurin da ido ba ya iya bi, har su zama ƙwallaye. Bayansu ya gasu, cikinsu kuwa ruwa-ruwa ne mai ƙuna, don haka a bari ya huce. Wani mai rumfa, Tomekichi Endo, ake danganta wa ƙirƙirarsa a 1935. Baƙar miyar da ake shafawa a kai takan ƙunshi romon nama ko barasa, sai ka ce a ba ka da gishiri. Ɗan'uwansa okonomiyaki, wainar kabeji da fulawa, yawanci da yankan alade ake yinsa; ana yin na kayan teku, amma a kan ƙarfe ɗaya ake gasa su duka, kuma ni ban ga hikimar shiga shagon da bai ware wurin gashi ba.

Kyoto gari ne na awara. Kusa da gidan ibadar Nanzenji akwai tsofaffin gidajen abinci da suke dafa ta a ruwan kombu kawai, a kawo maka tukunyar tana tafasa a hankali. Ba a soya ta, ba a sa mata yaji, kuma za ka yi mamakin yadda ɗanɗanon waken yake fitowa. Kasuwar Nishiki, siririn lungu mai rufi da ya kusa mita 400, tana da shaguna fiye da ɗari. Masu kasuwar suna roƙon a ci abin da aka saya a gaban shagon, kada a riƙa ci ana tafiya. Girkin masu bautar Buddha, shojin ryori, ba nama ba kifi, ana samunsa a nan da kuma kan dutsen Koya, inda suka shahara da wata awara ta riɗi mai santsi. Ko a nan a tambayi mirin.

Daga Osaka zuwa Kobe rabin awa ne a jirgi. Masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935, shi ne mafi tsufa da ke tsaye a Japan. Ya tsira daga ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. A kewayensa akwai shagunan halal. Naman san Kobe da ake ta labari na shanun Tajima ne da aka kiwata a lardin Hyogo, kitse ya ratsa tsokarsa ko'ina, kuma yanzu ana samun wanda aka yanka bisa Musulunci a wasu gidajen abinci. Yana da tsada sosai, kuma sai an kama wuri tun kafin a je.

Shikoku, tsibirin da ya cancanci wahalar zuwa

Da za a ce in zaɓa wa baƙo wuri guda a wajen manyan birane, Shikoku zan ce. Daga Okayama jirgi yana haye gadar Seto Ohashi, wadda aka buɗe a 1988, ya kai ka Takamatsu cikin kamar awa guda. Nan ne lardin Kagawa, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Ruwan sama bai wadace shi ba, shinkafa ba ta yin yadda ake so, sai manoma suka rungumi alkama. Ga gishiri daga teku, ga ƙananan busassun kifaye na romo. Daga nan taliyar udon ta Sanuki ta samo asali, mai kauri, mai tauri a haƙori, domin da ƙafa ake taka kwaɓin bayan an rufe shi da leda.

Akwai ɗaruruwan shagunan udon a lardin, wasu a tsakiyar gonaki, wasu a jikin gidan mai yin taliyar. A da yawansu kai ne ma'aikacin kanka. Ka ɗauki kwano, ka faɗi yawan da kake so, a zuba maka. Ka sa taliyar a ɗan kwandon ƙarfe ka tsoma a tafasasshen ruwa, ka tsane, ka buɗe famfon da romo ke fitowa ka cika kwanonka, ka ɗebi lawashi da citta. Ka zauna a benci kusa da direban babbar mota ko ma'aikacin banki, kowa na zuƙar taliya da ƙara, domin a wurinsu wannan ba rashin ladabi ba ne. In ka gama ka mayar da kwanon da kanka. Sau da yawa kuɗin bai kai yen 500 ba. Romon na kifi ne, babu alade, amma wasu suna ɗiga mirin. Mai gudun haka ya ce a ba shi taliyar da zafinta, a fasa mata ƙwai. A fita da wuri, domin shaguna da yawa suna rufewa da zarar kwaɓin ranar ya ƙare, wani lokaci kafin la'asar.

Ƙetare duwatsu zuwa kudu sai Kochi, garin masunta kifin katsuo. A kasuwar Hirome za ka ga mai gashi ya cusa busasshen karan shinkafa a murhu, wuta ta tashi har ta fi kansa tsawo, ya miƙa tsokar kifin a cikinta na ɗan lokaci kaɗan. Baya ya babbake, ciki yana nan ja. Ya yanka da kauri, ya barbaɗa gishiri, ya ɗora yankan tafarnuwa. Ƙanshin hayaƙin yana kashe ƙarnin da mutum ke tsoro, shi ya sa nake ganin nan ne ya fi dacewa mai son gwada kifin da bai dahu sosai ba ya fara. Sai dai a sani, wurin zaman na kowa da kowa ne kuma ana shan giya sosai, musamman da dare. Da rana ya fi. Ranar Lahadi kuma akwai kasuwar titi da ta haura shekara 300 tana ci.

Kudu da arewa

Hiroshima ita ce kan gaba wajen noman kaki, wata halittar teku mai ɓawo biyu, kuma a tsibirin Miyajima ana gasa su a bakin hanya a lokacin sanyi. Fukuoka kuwa ta shahara da rumfunan dare na yatai, kimanin ɗari, waɗanda ake kafawa da magariba a kwashe kafin gari ya waye. Suna da ban sha'awa a bakin kogi a unguwar Nakasu, amma gaskiya ba wurinmu ba ne: ramen ɗin garin da ƙashin alade ake dafa romonsa, kuma ko a tsiren kaza sukan jera na alade a kan wuta ɗaya.

Gara ka wuce Beppu, garin maɓuɓɓugan ruwan zafi. A unguwar Kannawa tururi ne ke fitowa daga ƙasa, mutane kuma da shi suke girki tun zamanin da. Akwai wurin da za ka sayi ƙwai, dankali, masara da kayan teku, ka jera a kwando, a ba ka safar hannu, ka zura shi a ramin tururi ka rufe. Ba mai, ba miya, ba abin da ya shiga sai abin da hannunka ya sa. Garin yana da masallaci, yana kuma da jami'ar Ritsumeikan ta Asiya da Pasifik, wadda ta tara ɗalibai Musulmi daga ƙasashe da dama, saboda haka masu shaguna sun saba da tambayoyinmu.

A can arewa, kasuwar safe ta Hakodate tana dab da tashar jirgi, kuma a nan ake cin kwanon shinkafa da aka lulluɓe da ƙaguwa, ƙwan kifi da ika, ko da yake kamun ika ya ragu matuƙa a 'yan shekarun nan. Sapporo tana da jingisukan, naman tunkiya da ake gasawa a kan kaskon ƙarfe mai tudu a tsakiya. Yawancin naman daga Ostireliya da New Zealand ake kawo shi, amma wannan bai isa hujja ba. A nemi shagon da ya nuna shaidar halal.

Ladabin shago da abin tambaya

A Japan ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukwici. In ka bar kuɗi a tebur za a biyo ka da su. Ƙananan shaguna da yawa tsabar kuɗi kawai suke karɓa, wasu kuma a na'urar da ke bakin ƙofa ake biya a karɓi tikiti kafin a zauna. Abincin rana ya fi na dare araha nesa ba kusa ba, ko a gida ɗaya. Da kimanin yen 1,000 ana samun tire mai shinkafa, kifi da miya. Kada a soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin haka suke yi wa mamaci. In ka ga dandamali da takalma a jere, cire naka. Gidajen izakaya mashaya ne da ake cin abinci a ciki, kowa ya san matsayinsa kafin ya shiga. Mutanen ƙasar da manhajar Tabelog suke neman wurin ci, kuma suna da rowar maki: shagon da ya kai 3.5 ya amsa sunansa.

Baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan a 2024, kuma tun da aka sassauta biza ga mutanen Malesiya da Indonesiya shagunan da ke kula da Musulmi suka yawaita. Amma babu hukuma guda ta ƙasa da ke ba da shaidar halal. Ƙungiyoyi ne daban-daban. Wani shagon da ya rubuta cewa yana maraba da Musulmi, nufinsa kawai akwai girkin da ba alade, alhali yana sayar da giya. A karanta da kyau, a tambaya. Abin da na yaba wa masu girkin Japan shi ne, in ba su da tabbas sun fi son su ce maka a'a da su yi maka ƙarya, don haka wanda aka ba haƙuri kada ya ɗauka wulaƙanci ne.

Mai niyyar tafiya, kafin ka bar gida ka zauna da malaminka ku warware maganar barasar da aka dafa a girki da kuma yankan da ba na Musulmi ba, domin malamai sun yi saɓani, kuma gaban kanta ba wurin neman fatawa ba ne. Ka sa wanda ya iya Japananci ya rubuta maka a takarda cewa ba ka cin alade da kitsensa, ba ka son sake ko mirin, ka riƙa nunawa kafin ka zauna. Sannan ko taro ne ya kai ka, ka ware kwana biyu ka bar Tokyo, ka hau jirgin Takamatsu.